Ƙarfin jarumi ko halinsa: wanne za a fifita a teburin wasa?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Mu biyar ne muke haɗuwa duk ranar Asabar a Agege muna buga Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari, bugu na biyar da ya fito a 2014, kuma ni ne jagoran wasan, wato mai jan labarin. Ɗaya daga cikinmu ya kwashe maki 27 da ake ba kowa wajen gina jarumi, ya zuba su kaf a kan ƙarfi da zafin nama da juriya, kowanne ya ci maki 9 ya kai matakin 15, ya bar basira da hikima da kwarjini a ƙasa, a matakin 8. A fagen fama babu mai ja da shi, amma da zarar an shiga fadar sarki sai ya yi gum. Wani kuma ya gina tsohon maroƙi mai kyakkyawan tarihi, sai dai idan faɗa ya kaure ba ya tsinana komai, har ya fara cewa bai ga amfanin shan cunkoson motoci daga Idi-Araba don ya zo ya zama ɗan kallo ba. Yaya zan yi in riƙe su duka biyun?

Malamin Obalende: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ganina mai mayaƙin bai yi laifi ba, domin dokar wasan ce ta ba shi wannan dama. Abin da ya rage shi ne a nuna masa cewa waɗannan takwas-takwas ɗin ma wani ɓangare ne na halin jaruminsa, tunda kowanne yana rage masa 1 idan ya jefa ɗan ludo mai fuska 20. Ka sa sarki ya tsallake kowa ya tambaye shi kai tsaye, a ga yadda mutumin da ya iya takobi amma bai iya bakinsa ba zai fita kunya. Mu da muka taso da tatsuniyar Gizo mun san cewa rauninsa da kwaɗayinsa su ne suke jan labarin gaba, kuma irin wannan raunin ne ɗan wasanka ya saya da hannunsa bai sani ba.

Yaya Mai Lissafi: Malam, na yarda da kai, amma ni mai maroƙin ya fi ba ni tausayi, kuma ina ganin an bar shi da wata fahimta da ba daidai ba, wato cewa sai jarumi ya zama rago sannan labarinsa zai yi armashi. Sihirin maroƙi a wannan wasa ya dogara ne kacokan a kan kwarjini, saboda haka tsohon da ya shekara arba'in yana yi wa sarakuna kirari ya fi kowa cancantar maki mai yawa a nan. Ka ba shi izini ya sake rabon makinsa ba tare da ya taɓa tarihin ba. Ƙarin 1 kashi 5 cikin 100 ne kawai a kowace jifa, amma idan ya taru cikin zaman awa huɗu, mutum yana jin bambancin a jikinsa.

Ɗan Agege: Na gode ƙwarai. Zan zauna da su kafin wasan Asabar mu gyara makin maroƙin tare. Na kuma tuna cewa doka ta ba jagora ikon saka wa wanda ya taka halin jaruminsa da kyau da damar jifa sau biyu ya ɗauki mafi girma, kuma da mai mayaƙin zan fara gwadawa a fadar sarki.