Ɗana ya ɓare haƙori a wajen iyo, kanumfari ya isa?

Uwar yara, Auyo:
Assalamu alaikum. Jiya da la'asar ɗana mai shekara 11 ya bi abokansa wanka kogin Haɗeja, ya yi tsalle daga gaɓa, bakinsa ya daki kututture a ƙarƙashin ruwa. Haƙorin gaba na sama ya ɓare rabi. Ko ruwan randa ya kurɓa sai ya dafe baki. Kakarsa ta ce a sa kanumfari. Hankalina bai kwanta ba.

Ma'aikacin lafiya, Ringim:
Wa alaikumus salam, sannu baiwar Allah. Kanumfari zugi kawai yake lafarwa. A shekarunsa wannan haƙorin na dindindin ne, ba zai sake tsirowa ba, kuma jin sanyin nan na iya nufin ɓarewar ta kusanci jijiya. Ki kai shi wajen likitan haƙori gobe. Da gaba ɗaya ya fita, sai a riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, a tsoma a madara, a isa asibiti cikin awa 1.

Masunci, Haɗeja:
Rani ne Hajiya, ruwa ya ja baya. Inda ke shanye mutum da damina yanzu iya ƙugu ne. Mu sai mun auna da gora muke faɗawa.

Uwar yara, Auyo:
Allah ya saka da alheri. Da sassafe babansa zai ɗauke shi a babur.