Tsofaffin kwanukan Faransa masu fenti, a jere ko a girki?

Maman Hanifa, Ringim:
Salam yan uwa. Wai ni kam a Facebook nake ta ganin turawa suna rububin tsofaffin kwanukan Faransa masu fentin nan fari da shudi, butar kofi da gwangwanayen sukari da gishiri, duk sun fashe a baki amma suna jera su a kanta kamar kayan amarya. Zan iya yin haka da langa da fantekar kakata ko dariya za a min?

Inna ta Babura:
Ke yar nan ai jere namu ne tun kafin a haife ki, dakin amarya har rufi kwalla ce da langa. Wanke su ki jera abinki.

Malam na Gumel:
Hajiya ba fenti bane fa, garin gilashi ne ake narkawa a kan karfe da wuta mai zafin kusan digiri 800, shi yasa kalar bata kodewa sai dai ta fashe in ya fadi. Na Faransa da yawa kamfanin Japy ne ya kera, wasu sun haura shekara 100. Amma kada ki ci abinci a wanda ya fashe, tsatsa ke shiga wajen, kuma tsofaffi masu ja da rawaya wasu akwai gubar dalma a jikinsu.

Anti Ladi, Dambatta:
Kar ki sa soson karfe dai, omo da tsumma ya isa ki shanya ya bushe sarai. Ni na fi son mai fulawa, fari zalla sai kace kwanon asibiti wallahi.