Dusar ƙanƙara ta rufe mana filin bincike a Ukaimeden, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Ɗalibar Marakesh: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna zagayen neman kayan tarihi a Ukaimeden, kan tsaunukan Atlas na Maroko, sama da mita 2,600. Sahu muke jerawa mu bi fili a ƙafa, duk dutsen da muka ga zanen wuƙa ko na bijimi a jikinsa mu ɗau hoto, mu sa shi a GPS. Matsalar, yawancin zanen a kan falalen jan dutse yake, a kwance. Daren jiya dusar ƙanƙara ta sauka, da safe fili fari fat, ko inda muka tsaya jiya ban gane ba. Abin ya dame ni, domin kundina ya rataya ne a kan wannan aikin.

Tsohon ɗalibin Erzurum: Wa alaikumus salam ƙanwata. Don Allah kada ku kankare da shebur ko da takalmi, za ku kwarzane zanen da ya shekara dubbai. Mu a gabashin Turkiyya kwanakin izinin bincike ƙidayayyu ne, ga wakilin hukuma tare da mu, ranar da aka rasa ta tafi ke nan. Muka koma masauki muna wanke tsingaron da muka tsinta, muna cike fom. Ki riƙa sa batir a aljihun ciki, sanyi na zuƙe shi nan da nan, kuma ki yi rubutu da fensir, biro daskarewa yake. Amma ki fita da sassafe ranar da dusar ta fara narkewa. Dusar kan lafe a cikin kwari ta bar tudu, sai ki ga layin tushen gini ya fito sarai. Haka muka ga wani tsohon garke da muka sha wucewa ta kansa.

Maman Twins, Nowe: Namu a Innlandet, wani yanki na ƙasar Nowe, ya fi tsanani. Jira ake tsohuwar ƙanƙara ta narke ta saki abin da ta riƙe, daga Agusta zuwa Satumba kawai. A tsaunin Digervarden an tsinci katakon zamiya a kan ƙanƙara guda ɗaya a 2014, ɗan'uwansa bai fito ba sai 2021, shekarunsu kusan 1,300. Ni kakar da na je, sabuwar dusa ta riske mu cikin tanti, yatsuna suka ƙi riƙe abin awo, dole muka sauko.

Malami daga Zariya: Allah Ya ba da sa'a 'yata. Mu nan ciyawa ce ke rufe mana kufai, sai da rani bayan an ƙona daji muke ganin ƙasa. Ki tambayi makiyayan wurin, sun fi kowa sanin gangaren da ke fara bushewa.

Ɗalibar Marakesh: Na gode Malam. Makiyayan ba sa hawowa sai Agusta, amma akwai dattijo a ƙauyen ƙasa da ya ce mu fara da ɓangaren da ke fuskantar kudu. Gobe in an buɗe hanya can za mu nufa.