Neman shawara: Accord V6 ta 2005, mai ita bai san ko an taɓa canza taimin bel ba

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawararku nake nema, kuma da ɗan gaggawa, don ranar Asabar na yi alƙawarin kai amsa.

Shekara 3 ina tara kuɗin mota, da adashi da ɗan abin da ke raguwa a albashi. Ni malamin makaranta ne a Kano, mahaifiyata tana Katsina, jikin nata sai a hankali, kusan duk ƙarshen mako sai na je. Wani dillali ya kai ni na ga Honda Accord ta 2005, wadda ake ce wa EOD, mai silinda 6. 'Yar Amurka ce, ta Kwatano ta shigo, mai ita ya shekara 4 yana hawa. Jikinta lafiya, AC na sanyi, takardun kwastam cikakku, injin kuwa sai ka kasa kunne kafin ka san yana aiki. Mita ta nuna 138,000.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne taimin bel. Na tambayi mai motar, ya ce shi dai tun da ya saya bai taɓa canzawa ba, wanda ya sayar masa ne ya ce an canza tun a can. Babu takarda. Dillalin sai ya buɗe bonet ya nuna mini wani baƙin bel sabo fil a gefen injin, ya ce ga shi nan kana gani, me kuma ake nema. In saya ko in haƙura? In na saya, zan iya hawa zuwa bayan Sallah kafin in taɓa wannan aikin? Kuɗin da ke hannuna iyakar na motar ne.

Direban Zariya: Wa alaikumus salam. Malam, wanda aka nuna maka fanbel ne. Taimin bel ba a ganinsa sai an kwance murfi.

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Hajiya lafiya. Direba ya faɗi gaskiya, bari in ɗora a kai, don wannan injin na kwance shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Bel ɗin da ke waje shi ke juya altaneta da kwamfiresan AC da famfon sitiyari. In ya tsinke, batir ya daina caji, sitiyari ya yi nauyi, ka gangara gefen titi a sa maka wani. Taimin bel kuwa yana ɓoye a bayan murfin roba, yana da haƙora, shi ke haɗa juyawar ƙasan injin da ta samansa, domin bawul su buɗe su rufe daidai lokacin da fistin ke hawa da sauka. Injin V6 na wannan motar bawul 24 ne da shi, kuma irin injin nan ne da bawul da fistin suke raba wuri ɗaya, wannan ya shiga bayan wancan ya fita. Bel ɗin ne kaɗai ke hana su haɗuwa. Ranar da ya tsinke kana gudu, saman injin ya tsaya cak, ƙasan yana ci gaba da juyawa, fistin ya daki bawul ya lanƙwasa su. Daga nan sai sauke tof silinda, kuma biyu ne a V6. In abin ya zo da ƙarar kwana, sai neman wani injin.

Honda sun ce a canza shi a mil 105,000 ko shekara 7, duk wanda ya riga zuwa. Ka lura da kalmar mil. Motar Amurka da mil take ƙirga, don haka 138,000 ɗinka ya haura kilomita 220,000. To mu ƙaddara wanda ya ce an canza a can gaskiya ya faɗa. Yaushe? Mai ita na yanzu ya yi shekara 4 bai taɓa ba, ba mu san shekara nawa ta yi kafin ta hau jirgin ruwa ba, ba mu san zaman da ta yi a filin Kwatano rana na dukanta ba. Roba ko ba a hawa tana tsufa. Sannan a littafin motar akwai wani gargaɗi da mutanenmu ba sa karantawa: in kana yawan tuƙi a zafin da ya wuce digiri 43, a mil 60,000 za ka canza. Wanda ya san Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san da mu ake. Kano da Katsina ma ba su da nisa da wannan zafin.

Ni a garejina, taimin bel ɗin da babu shaidar canza shi, ba a canza shi ba. Haka nake lissafi.

Baban Ummi: Na gode Oga. To in aka buɗe murfin aka ga yana da kyau fa?

Oga Bakanike: A buɗe, aikin 'yan mintuna ne, ƙananan notoci ke riƙe da murfin sama. Amma ka san iyakar abin da ido zai gaya maka. In mun ga tsagewa a bayansa, ko ya yi sheƙi kamar an goge shi da mai, ko gefensa ya fara zare, ko baƙin mai ya jiƙa shi, mun san ya mutu. In ba mu ga komai ba, ba mu san komai ba. Na sha cire bel mai kyan baya, ina lanƙwasa shi a hannu sai ka ga gindin haƙoran duk ya dare. Kuma sau da yawa ba bel ɗin ne ke fara mutuwa ba, boris ɗin fuli ne ke cijewa, ko tenshina, wato abin da ke riƙe bel ɗin a ɗaure, ya saki, bel ya tsallake haƙora. Sakamakon ɗaya ne.

Kafin a kwance komai ma, ka duba jikin murfin da cikin bonet da ƙasan ƙofar direba. Gareji da yawa a Amurka suna manna 'yar takarda mai kwanan wata da mil idan sun yi wannan aikin. In ka same ta, ita ce shaidarka.

Direban Zariya: Ni ya faru da ni, shi ya sa na yi saurin magana. Ba Honda ba ce tawa, amma irin injin ne. Na fito daga Zariya da iyalina, mun kusa Kwanar Ɗangora, ana dab da magariba. Babu ƙara, babu hayaƙi, babu wata fitila da ta kama kafin nan. Motar kawai ta mutu a hannuna kamar an zare makulli. Na murza, sai na ji kik yana juyawa da sauri fiye da yadda na saba, shuuu, babu nauyi. Ban san ma'anar wannan ba a lokacin, na yi ta murzawa. Matata na rungume da jaririya, sauro ya fara, manyan motoci na wucewa suna girgiza mu. Sai bayan isha muka samu janwe. Motar ta yi wata 2 a gareji saboda sai da na nemo bashi, kuma abin da na kashe ya ninka kuɗin canza bel ɗin sau da yawa. Makonni kaɗan kafin nan bakanikena ya ce mini in canza, na ce masa bayan Sallah. Da na ga ka rubuta bayan Sallah, wallahi sai da gabana ya faɗi.

Abu Hanifa 4x4: Ni dai ina ganin ana tsorata bawan Allah. Maƙwabcina shekara 6 yana hawan irin motar nan bai taɓa canza komai ba sai baƙin mai da taya.

Oga Bakanike: Akwai irinsa, ban musa ba. Amma ka tambaye shi ko tasa silinda 4 ce. Yawancin EOD da ke gari silinda 4 ne, injin 2.4, kuma wannan kaca ce a cikinsa irin ta ƙarfe, ba ta da ranar canji muddin ana ba shi mai mai kyau a kan lokaci. In kuma V6 ce, to Allah ne ke tsare shi, ka gaya masa ya zo a duba.

Maman Sadiq: Ɗan uwa, ni ban san injin ba, amma na san ciniki. Wannan rashin takardar ai kuɗi ne a hannunka. Ka je da bakanikenka, ba na dillali ba, ya yi maka lissafin kaya da kuɗin aiki a rubuce, sannan ka zauna da mai motar shi kaɗai ka ce masa ga abin da zan kashe ranar da na karɓa, a rage mini shi. Dillali la'adarsa yake dubawa, duk abin da zai ja cinikin baya ba ya so. Kuma kada ka ba da kafin alƙalami sai an gama dubawa. Maganar cewa kuɗinka iyakar na motar ne, ita ta fi damuna. Mota 'yar 2005 ba a shiga da ita gida aljihu wayam. In ba zai rage ba, ka bar masa kayarsa, motoci ba su ƙare ba.

Ɗan Hausa a Amurka: Ƙari a kan maganar Oga. Ka ɗauki lambar VIN, haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Da ita ake ciro tarihin mota a Carfax, wani shafin intanet da ke tara bayanan motocin Amurka. Ba kowane gyara ke fitowa ba, don ba kowane gareji ke aika bayani ba, amma yakan nuna mil ɗin da aka rubuta mata a lokuta daban-daban. In ka ga tun tana nan Amurka ta wuce abin da mitarta ke nunawa yau, ka san an mayar da mitar baya. Turo mini lambar ta akwati, zan duba maka fisabilillahi.

Alhaji Mai Kayan Gyara: Malam, in ka yanke shawarar canzawa, ga inda mutane ke faɗawa rami na biyu. Sai mutum ya sayi bel shi kaɗai don ya fi araha. A wannan injin taimin bel ɗin ne ke juya famfon ruwa, kuma kafin a kai gare su sai an tallafe injin an cire kujerarsa ta gefe, an kwance babban noton fulin ƙasa mai taurin tsiya. Wahala ɗaya ce, kuɗin aiki ɗaya ne. Don haka a canza gaba ɗaya: bel, famfon ruwa, tenshina, fuli biyu, in sil yana yoyon mai a haɗa da shi. Sunayen da aka sani a wannan harkar su ne Aisin da Gates da Mitsuboshi, sai na Honda kansa. Amma jabu ya yi yawa, har kwali ake bugawa iri ɗaya. Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya ko a Panteka, ka je da wanda ya san kaya, ka sayi a shagon da zai ba ka rasit. In farashi ya yi araha fiye da hankali, ka ajiye. Kuma don Allah ban da na Beljiyam a nan. Fitila ko ƙofa ka sayi ta hannu, taimin bel kuwa sabo.

Malam Na Bayan Masallaci: Abu ɗaya zan ce. Mai motar da ya ce maka bai sani ba, bai ha'ince ka ba, gaskiyarsa ya faɗa, ka riƙe masa wannan. A shari'a aibin da aka ɓoye wa mai saye shi ke ba shi damar mayar da kaya. Wannan kuwa an gaya maka, in ka saya da saninka ka saya. Ka yi istihara, ka kuma yi abin da masana suka ce.

Baban Ummi: 'Yan uwa, ga yadda ta kasance. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je da Oga Bakanike da kansa, Allah ya saka masa. Babu wata takarda a manne ko'ina. Ɗan uwanmu na Amurka ya duba, mil ɗin bai saɓa ba, amma babu inda aka ambaci taimin bel. Da aka cire murfin sama, ni a idona bel ɗin lafiya lau yake, sai Oga ya haska tocilan ƙasa ya nuna mini danshin mai a jikin murfin. Mai motar yana tsaye yana gani. Na yi yadda Maman Sadiq ta ce. Da farko ya ce albarka, daga baya ya kira ni da daddare ya ce zai ɗauki kashi biyu cikin uku na kuɗin aikin. Na karɓa. Ragowar na ara a wajen ƙanena.

Daga gidansa garejin Oga muka wuce kai tsaye, ban ko biya gida na nuna wa Maman Ummi ba. Da aka fito da tsohon bel ɗin, Oga ya lanƙwasa shi ya miƙo mini. Tsakanin haƙoran duk ƙananan tsaguwa ne, kamar dugadugan ƙafa a lokacin hunturu. Tenshina ya zubar da mansa, fuli ɗaya kuma in ka juya shi da yatsa sai ka ji yana gurzawa kamar da yashi a ciki. Na riƙe bel ɗin na yi shiru, ina tuna hanyar Katsina da daddare.

Oga Bakanike: Na rubuta maka kwanan wata da mil da farin fenti a jikin murfin, rasit ɗin kuma ka ajiye shi tare da takardun motar. Bayan ka yi tafiyar farko ka dawo in duba ruwan lagireto, in kuma sauke maka man giya, don na ga ya yi duhu. Na Honda za mu zuba, DW-1, kada ka bari a zuba maka kowane jan mai. Ka gaida Hajiya.

Baban Ummi: Za ta ji insha Allah. Gobe da asuba za mu kama hanya, har da su Ummi.