Hoton 'yan ajin ƙarshe: wane gyara aka taɓa yi muku da ya amfane ku?

Baban Iman, Bronx:
Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina ɗaukar hoton 'yan ajin ƙarshe na sakandare a nan Niyok, 'yan aji 12 da ake kira siniya. Wanda bai zauna a Amurka ba zai yi mamakin girman da ake ba hoton nan. Tun hutun zafi ake fara ɗauka, don makarantu da yawa kan rufe karɓar hoton littafin shekara (littafin da makaranta ke bugawa da hotunan ɗalibai) da kaka, kuma shi ne uwa za ta rataye a falo shekara da shekaru.

Makon jiya na tura wa wani tsohon hannu hotuna shida na wata yarinya 'yar ƙasarmu da na ɗauka a Van Cortlandt Park. Layi ɗaya ya maido mini: fuska ta yi duhu, farar riga ta ƙone, wato haske ya yi mata yawa. Raina ya sosu, don kwana biyu na yi a kansu. Da na huce na duba, na ga gaskiyarsa, amma bai gaya mini mafita ba. Ku da kuka riga ni, yaya kuka yi da irin wannan?

Maman Hanif, Silver Spring:
Wa alaikumussalam. Baban Iman, da ƙarfe nawa ka ɗauka? Ina zaton da tsakar rana ne. Ni ma na sha wannan. Ranar da aka fara gaya mini hotona ya yi duhu, gida na koma na ƙara haske a manhajar gyaran hoto ta Lightroom har yarinyar ta koma toka-toka. Wata dattijuwa Baƙar Amurka da na yi wa aiki ita ta zaunar da ni. Ba ta ce ya yi muni ba. Yatsa ta ɗora a kumatun yarinyar, ta ce nan za ki auna haske, ba a riga ba. Ta fita da ni bakin inuwar wani gini, ta riƙe farin kwali ƙarƙashin haɓar ɗiyarta, na ga idon ya yi haske a gabana.

Ita ce ta ba ni labarin katin Shirley na Kodak, wanda tun shekarun 1950 gidajen wanke hoto suka riƙa daidaita launi da shi, kuma farar mace ce a jiki. Ta ce an daɗe ana koya wa mutane cewa baƙar fata ce ke da wuyar ɗauka, alhali ma'aunin ne ba da ita aka yi ba. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara mai sauƙin gyara, ka jira saura awa ɗaya rana ta faɗi.

Alhaji Mai Kyamara, Greensboro:
Ni nawa gyaran ba daga abokan sana'a ya zo ba. Su yabo suka yi.

Wani yaro ne, an haife shi a Damagaram, aka kawo shi nan yana ƙarami. Yana da bille a kumatun hagu, da wushirya, ga ƙurajen samartaka a goshi. Na zauna a manhajar Photoshop na share ƙurajen, hannu ya zarce na share billen, na ɗan ɗaga launin fatar. Na nuna wa abokai, kowa ya ce fata kamar ta jariri. Na buga babba, na sa a firam, na kai har gida da kaina.

Mahaifiyarsa ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, Alhaji, hoton ya yi kyau, amma ɗan wa ne? Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kakansa ne ya sa aka yi masa billen nan, kuma kakan ya rasu, kuma can gida za a aika da hoton. Wallahi ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba. Na koma na sake aikin kyauta.

Tun daga nan ƙa'idata ɗaya ce: abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu ina cirewa, kamar ƙurji ko kwarzane. Bille, tabo, tawadar Allah, wushirya da launin fata ba na taɓawa sai mai su ya roƙa. Kuma ina tambaya kafin na kunna kwamfuta.

Ummi, Columbus:
Kawu, bari in yi magana a matsayin wadda aka ɗauka. A makarantarmu maza kan sa baƙar kwat da ƙaramin nakatai, mata kuma a yafa musu baƙin ƙyalle mai barin kafaɗa a waje. Ni a kan doguwar riga da hijabina aka yafa mini, kuma na ji daɗin hoton. Daga baya na gano mai hoton ya saka shi inda masu sana'a ke sharhi, bai tambaye ni ba, bai tambayi Mama ba, ina da shekara 17. Na karanta duka. Mutum biyu ne suka yi maganar inuwar da hijabin ya jefa a goshina. Sauran hancina da kumatuna suka tattauna. Har yau ban son buɗe wannan shafin na littafin.

Maman Hanif:
Allah ya huci zuciyarki, Ummi. Ni yanzu sai uwa ko uba sun sa hannu a takarda nake nuna hoton ɗalibi ga kowa.

Ɗan Fagge, Kano:
Mu a nan idan an gama WAEC da NECO muna ɗaukar 'yan SS3 ranar yaye su. Namu ciwon daban ne: ka saka hoto, a yi ta masha Allah, babu mai ce maka ka yanke wa yaro hannu daidai wuyan hannu a cikin hoton. Shekara biyu ina wannan kuskuren kafin wani maigidana ya nuna mini.

Malam Na Houston:
Ƙanina Baban Iman, ni mai ba da gyara ne yanzu, kuma na taɓa korar wani yaro daga sana'ar da jerin kurakurai tara a saƙo guda. Bai sake turo mini komai ba, kuma abin yana damuna. Ƙungiyar Professional Photographers of America tana da abubuwa 12 da alƙalan gasarta ke dubawa, amma wannan na gasa ne. Mai koyo abu ɗaya zai iya ɗauka a zama. Yanzu tambaya nake fara yi: me ka so ka nuna? Idan ya ce natsuwarta, sai in ce to reshen da ya fito ta bayan kanta yana janye ido, ka matsa taku biyu hagu. Turo mini hoto ɗaya daga shidan, wanda ka fi so.

Baban Iman:
Hajiya, ƙarfe ɗaya na rana ne, kin canka. Na kira mahaifin yarinyar, ya yarda mu sake ranar Asabar da yamma, kuma ya amince in nuna wa Malam guda ɗaya. Na sayi farin kwali. Alhaji, tana da ɗan tabo a gira wanda na riga na goge, yau da dare zan maido shi.