Wai masu fim ɗin dodo na araha ba sa ganin abin da suka yi ne?

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum jama'a. Wani mai tura finafinai a waya nan bakin kasuwar Samaru ya cika mun memori da tsoffin finafinan dodanni na Turawa, wallahi wasu ko yaron goye ba za su firgita ba, tsuntsu na shawagi ga zaren da aka rataye shi ɓaro-ɓaro. Su masu yin abin nan ba sa gani ne ko rainin hankali ne? Kuma wa yake ba su kuɗi su sake wani?

Malamin Kongo:
Wa alaikumus salam. Sarai suke gani ɗan uwa, kasuwa ce. A Amurka wajen shekarun 1950 fim biyu ake haskawa da tikiti ɗaya, musamman silimar fili da ake kallo daga cikin mota, samari da 'yan mata ne kwastomomin, to dole a samo na cike gurbi mai araha. A lokacin akwai kamfanin American International Pictures, su sunan fim da fosta suke fara yi, in masu silima sun nuna za su saya sannan a nemo mai rubuta labari, ka ga an gama ciniki tun ba a kunna kyamara ba, shi ya sa dodon fosta daban na cikin fim daban. Nemi Robot Monster na 1953 ka sha kallo, kwana huɗu aka ɗauke shi a kan dala 16,000, babu kuɗin ƙera mutum-mutumi sai darakta Phil Tucker ya kira wani mai rigar goggon biri, aka kifa masa hula irin ta masu nutso da eriya biyu a ka, shi ke nan wai dodo ya zo daga sama.

Bazazzagiya:
Malam ba duka ba gaskiya. Darakta Ed Wood shi har zuciyarsa gani yake abin kirki yake yi. Ɗan wasa Bela Lugosi ya rasu a 1956 ya bar masa 'yan guntayen hotuna da suka ɗauka, sai Ed Wood ya cusa su a fim ɗinsa Plan 9 from Outer Space, sauran wuraren ya sa mutumin da ke yi wa matar shi Ed Wood ɗin gyaran ƙashi ya hau a madadin Lugosi, mutumin ya fi marigayin tsawo kuma ko kama ba sa yi, sai aka ce ya riƙa kare fuska da alkyabba. Ga duwatsun kaburburan cikin fim ɗin suna rawa in an gifta, yanzu dare ne anjima rana tsaka a fitowa ɗaya. Ni irin wannan ya fi mun daɗi a kan su Sharknado na 2013 da aka lalata da gangan don mutane su yi ta surutu a intanet, har sai da suka yi guda shida fa.

Edita na PZ:
Ni da nake wannan sana'ar abin da zan ce, rashin kuɗi uzuri ne rabi. A da faifan ɗauka tsada gare shi, ko ɗan wasa ya yi tuntuɓe darakta cewa zai yi a wuce, wannan na yarda. Amma babban laifin shi ne fito da dodon fili da rana kowa ya ƙare masa kallo. Jaws na 1975, fim ɗin ƙaton kifi mai cin mutane, ba ƙaramin kuɗi aka zuba ba, duk da haka kifin injin da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, darakta Spielberg ya koma ɓoye shi, kiɗa kawai da motsin ruwa, mutane suka riƙa tsoron shiga teku. Kuma ga yaran nan na Kaduna, The Critics Company, da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyallen da ake sakawa a baya don a sauya wuri da kwamfuta suka fara, aikinsu ya fi na wasu masu manyan kyamarori tsafta.

Ɗan Samaru:
Oga Edita to in muka haɗa kuɗi da yaran ajinmu za mu yi namu a dutsen Kufena, nawa za ka yi mana dodon?

Edita na PZ:
Ku bar maganar dodo tukuna, ku fara hayar makirfo mai kyau da fitila biyu, a ɗauka bayan magariba. Iskar kan dutsen nan kaɗai za ta cinye muku magana in da waya za ku naɗa.