Masu gogewa a bankirafsi a Amurka, wane bashi ne ya tafi, wane ne ya tsaya?

Mai tambaya: Salam yan uwa. Bashi ya sha min kai wallahi, katin bashi guda biyu, kuɗin asibiti na tiyatar da aka min bara, ga bashin karatu ga na mota. Lauya ya ce in shigar da bankirafsi a Babi na 7, wato in nemi kotu ta yafe min bashin da na kasa biya, amma kafin in sa hannu ina so in ji daga bakin wanda ya bi ta nan, dan Allah kar a ɓoye min komai.

Direban tirela: Wa alaikumus salam. Ni na yi, na kati da na asibiti duk an yafe, har da wani ɗan rance na banki. Ranar da aka shigar da takarda kiran masu bin bashi ya tsaya cak, na samu barci. Bayan kamar wata ɗaya za ka zauna da wakilin da aka ɗora kan shari'arka, ya rantsar da kai ya yi tambayoyi, cikin wata huɗu takardar yafiya ta iso. Amma mota fa daban take ɗan uwa, tunda jingina ce, ko ka ci gaba da biya ko su zo su ɗauke abinsu, haka ma gida. Kuma shekara 10 abin zai yi a rahoton kiredit ɗinka, wato tarihin bashinka da masu ba da rance ke dubawa.

Maman biyu: Malam kar ka sa rai da bashin karatu. Nawa yana nan daram bayan komai ya ƙare, sai ka shigar da wata ƙara daban a cikin shari'ar ka gamsar da alƙali cewa biyan zai jefa ka a ƙunci na fitar hankali, ni ban da kuɗin lauyan wannan sai na haƙura. Sannan baban yarana shi ma ya yi nasa yana zaton kuɗin ciyar da yara da ya taru masa zai wuce, ko dala ɗaya ba a cire ba, kuma gaskiya haka ya dace, haƙƙin yara ne.

Babban yaya: Ni haraji ne ya riƙe ni. Na IRS, hukumar harajin Amurka, in bai kai shekara 3 ba ba ya tafiya, tsoho ma sai in ka cike takardun harajinka, shi ya sa na koma Babi na 13 ina biya kaɗan kaɗan shekara 5. Tarar kotu ma ba ta tafiya. Amma abin da ya fi min ciwo, wata shida kafin in shigar na mayar wa ƙanina kuɗin da ya ranta min don kar zumunci ya lalace, ashe doka tana duba abin da ka biya dangi cikin shekara 1, aka ce za a iya karɓo kuɗin daga hannunsa a raba wa sauran masu bina, sai da aka lissafa shi cikin abin da nake biya. Ku faɗa wa lauya komai tun farko, kuma kar ka goge kati ka yi sayayyar ƙawa cikin kwana 90 na ƙarshe, ana iya ɗaukarsa yaudara a bar maka bashin.

Yar uwarku: Ni ba ni na shigar ba, na dai tsaya wa ƙawata na sa hannu a rancenta, ita aka yafe mata, ni banki ya juyo kaina na biya har ƙarshe. In akwai wanda ya tsaya maka ka sanar da shi kafin wasiƙa ta riga ka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Akwai wani bawan Allah da ya ranta min dala 2,000 ba ko takarda, zuciyata ba za ta bari in cinye masa ba.

Direban tirela: Dole ka rubuta sunansa a jerin masu bin ka bashi, ɓoyewa laifi ne tunda rantsuwa za ka yi. Amma bayan an gama doka ba ta hana ka biya shi da kanka ba, ni ma haka na yi da wani abokina, dala 100 duk wata har na sauke.